Dawar Inna: Kwana Uku A Wani Gida Kudu Da Sinnar

Daga Wad Madani zuwa Sinnar tafiyar kilomita 100 ce ko kusa da haka, kuma duk tsawon hanyar ido ba ya cin karo da tudu. Ƙasa ce baƙa, shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma, wadda in rani ya yi takan tsage har ƙafar akuya ta faɗa ciki, in damina ta sauka kuma ta zama taɓon da ko lori ba ya fita sai jama'a sun taru sun tura. Shuɗin Nilu yana hannun hagu, ba a cika ganinsa ba sai dai layin itatuwan da ke bakinsa. A hannun dama kuwa tur'o'in Mashru'in Jazira ne, wasu da ruwa, wasu ciyawa ta cinye su.

Wannan ƙasa ita ce Turawan Ingila suka duba suka hango auduga. Suka gina madatsar Sinnar, aka gama ta a 1925, aka ja ruwa zuwa arewa, aka yanka ƙasa hawasha-hawasha, daga baya da aka ƙara da Manaƙil faɗinta ya haura fadan miliyan 2. Labarin audugar kowa ya san shi, yana cikin littafin 'yan makaranta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a tsarin wancan lokaci mai hawasha kashi 40 cikin 100 yake samu daga kuɗin auduga, saura na gwamnati ne da kamfani, amma dawar da ya shuka tasa ce ɗungurungum, ba mai raba ta da shi. Da ita ake riƙe gida. Su kuwa kakanninmu da suka taho daga yamma, kaɗan ne daga cikinsu suka sami hawasha. Yawancinsu a kanabi suka zauna suna cirar auduga da noman wani, wasu kuma suka gangara kudu da madatsa inda ake noman ruwan sama, suka sari daji suka yi bildat.

Can kudu ɗin na nufa cikin watan Sha'aban na bana. In an wuce Sinnar da ɗan kaɗan sai Mai Wurno, garin da ya ci sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Bayan da Turawa suka kashe Attahiru a Burmi cikin watan Yuli na 1903, ɗan nasa ne ya ci gaba da jan jama'a zuwa gabas, har suka iso bakin wannan kogi wajajen 1906, suka fara sauka Shaihu Ɗalha a gaɓar gabas kafin su ƙetaro su kafa garinsu. Fulani ne da Hausawa, kuma daga nan ƙauyuka da dama suka tsiro a gefen kogin, ana bin su ɗaya bayan ɗaya har Sinja, har can Rusairis. A ɗaya daga cikinsu wani tsohon ɗalibina yake, wanda ya karanta aikin gona a Jami'ar Jazira, ya kuma daɗe yana cewa in zo in ga sana'ar gidansu.

Mai karatu ya san abin da Sha'aban yake nufi a ƙauyukanmu. Tun daga bakin gari hanci ke sanar da baƙo cewa azumi ya matso, don ko'ina hayaƙi ne da ƙanshin hilu-mur a kan saji. A yawancin gidaje na sha ake yi, mata su yi gayya, yau gidan wannan gobe gidan waccan. Amma wannan gida sana'arsu ce tun zamanin kakar kakarsu. Su ke noma dawar, su ke tsirar da ita, su niƙa, su toya, su kai kasuwar Sinnar da ta Sinja, wani kuma a aika wa 'yan'uwa da ke Saudiyya cikin kwali. Ba sa sayen ƙwayar dawa ko ɗaya daga waje. Mai riƙe da ragamar aikin wata tsohuwa ce da kowa ke kira Inna, har da maƙwabta Larabawa. Ɗanta shi ne maigida, shi ke da gona da jaki da lissafi, amma ko buhu ɗaya ba ya fita sai ta sa hannu ta ɗanɗana.

Na same su mata shida a ƙarƙashin rumfa, saji uku a kan wuta. Na gaida Inna na ce, "Inna, sannu da aiki, ina gajiya?" Ta ce, "Ba gajiya, Ustazu. Kai ne malamin mijin nawa? To, da ka koya masa kunya tare da boko." Jikan nata ya yi dariya ya ce, "Ka ji ta ko, Ustazu? Tsohuwar nan sakinta zan yi kafin Salla." Haka suke, kaka da jika, kuma na lura duk wata magana mai nauyi da ke tsakaninsu ta cikin wannan wasa take bi.

Ga wanda bai taɓa tsayawa ya ga aikin daga farko ba, ga yadda yake. Ana raba dawa kashi biyu. Kashi ɗaya a jiƙa shi ya kwana, a baza shi a kan buhunan da aka jiƙa, a rufe, a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwanaki, sai ya fito da saiwa da tsiro, ya yi ja. Shi ne Larabawa ke kira zirri'a, mu kuma mu ce tsiro. A shanya shi a rana ya bushe ƙayau, a niƙa. Ɗaya kashin kuwa a niƙa shi yadda yake, a dama shi a babbar tukunya ya yi kauri kamar talge. Sa'an nan a zuba garin tsiro a ciki. Nan ne abin mamaki yake, don kana kallo talgen nan mai kauri zai saki jiki ya tsinke, in ka lasa ka ji zaƙi alhali ba a sa sukari ba. Ɗalibina ya yi mini bayani irin na jami'a, cewa akwai wani sinadari a cikin tsiro mai mayar da sitaci ya koma sukari. Inna ta ce ita dai abin da ta sani shi ne tsiro yana cin tuwo. Bayan haka a zuba kayan ƙanshi, a rufe ƙullun a bar shi kwana ɗaya ko biyu ya yi tsami, kana a hau toyawa. Ana zuba ludayi guda a kan saji mai zafi, a baza shi da gargariba, a yi ta juya shi har ya yi duhu kamar ƙasar gonar, a naɗe shi ɗarga-ɗarga a shanya. In azumi ya zo sai a jiƙa a ruwa, a tace, a sa sukari. Zaƙi ne da ɗaci a kofi ɗaya, abin da sunan yake nufi ke nan.

Akwai masu ɗaga gira in sun ji maganar tsiro, don sun san da shi ne masu marisa ke nasu aikin. Gaskiya ne, tushen ɗaya ne. Amma tsamin hilu-mur irin na ƙullun kisra ne da na koko, ba a barinsa ya wuce nan, kuma wutar saji ce ke biye da shi.

Kayan ƙanshin da kowa ya sani su ne citta da kirfa da habbahan da kazbara da shamar da hulba, wasu su ƙara soɓorodo don launi, ko tsamiya. A nan ne hannun Bahaushiya yake fitowa. Inna ba ta ƙyashin citta, tana kuma sa kanumfari da ɗan masoro, wato dai kayan da uwarta ke sa wa fura da kunu. Ta ce masu saye a Sinnar da dama ba su san sunanta ba, sai dai su ce a ba su na Hausawan nan mai yaji a maƙogwaro.

Amma ba kayan ƙanshi ne suka kai ni gidan ba, dawar ce. Fatarita ce, irin ta da, wadda ba ta da lamba ba ta da takarda. A waje ƙwayarta fara ce fat kamar alli, amma in ka fasa ta da haƙori za ka ga wata jar fata a ƙarƙashin farin. Wannan fata ita ke sa kisrar fatarita ta yi duhu, shi ya sa mutanen birni suka raina ta suka koma wa dabar da ɗabat masu farin gari, daga baya ma suka koma wa burodi gaba ɗaya, har fatarita ta zama abincin kaji da na shanu a wurare da yawa. Ita ce kuma ke sa tsuntsaye ba sa rububinta kamar yadda suke yi wa farar dawa. Kuma ita ce ke ba hilu-mur launinsa da ɗacinsa. Masanin nan Hamid Dirar, wanda ya wallafa babban littafi a 1993 a kan abincin Sudan da ake tsimawa, ya kawo fatarita a matsayin dawar wannan aiki, amma tsofaffinmu ba su jira littafi ba.

Tasu fatarita, wadda a ƙauyen ake kira dawar Inna, ba daga ko'ina aka sayo ta ba. Kowace shekara kafin a sa lauje, tsohuwar takan shiga gona da kanta, ta bi kunya-kunya tana zaɓen zangarniya: wadda ta nuna da wuri, wadda ba ta kwanta ba, wadda ƙuduji ya kewaye ta amma bai karya ta ba, wadda jar fatarta ta fi kauri. Ba a kai waɗannan masussuka tare da sauran. A rataye su a madafi hayaƙi ya bi su, daga baya a sussuke da hannu, a cuɗa da toka, a zuba a tulu a liƙe bakinsa da laka. Haka surukarta ta yi, haka uwar surukar ta yi. In mutum ya lissafa, zaɓe ne na shekara da shekaru a gona ɗaya, da ruwan sama iri ɗaya, don bukata ɗaya. A tashar bincike wannan aiki shi ake biyan masu digiri albashi su yi.

Na tambayi maigidan ko kakanninsu ba su taho da iri daga ƙasar Hausa ba. Ya ce abin da ya ji daga babansa shi ne sun taho da shi, ƙaura da farfara, a ƙulle cikin tsumma, amma ba su yi ba. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne. Ƙaura da farfara dawa ce mai dogon zango, tana son damina mai tsawo irin ta Kano da Zariya, ba ta fitar da kai sai ruwa ya kusa ɗaukewa. Ruwan Sinnar bai kai can ba, kwanakinsa kuma kaɗan ne, daga Yuli zuwa Satumba an gama. Fatarita kuwa cikin wata uku da 'yan kwanaki ta nuna. Dole suka karɓi irin maƙwabta, kamar yadda suka ajiye sungumi suka ɗauki salluka, suka kuma koyi binne hatsi a maɗmura bayan sun saba da rumbu. Abin da ya rage musu daga gida, in ji shi, sai 'yan kunyoyin karan dafi da wani kawunsa baduku yake shukawa don jan rinin fata, shi ma ya tafi da mai shi.

Ni a ganina wannan shi ne abin lura a gidan. Iri na ƙasar nan ne, abin shan ma na ƙasar nan ne, ba mu zo da ko ɗaya ba. Amma hannun da ya riƙe irin bai bar shi ya ɓace ba, lokacin da masu shi da yawa suka sake shi, hannun Hausawa ne. Mun ga abin da ya faru a 2022, daga Yuli har Oktoba, a Rusairis da Wad al-Mahi da kewayensu, inda rikici a kan ƙasa da sarauta ya ci rayukan ɗaruruwan mutane, dubbai suka bar gidajensu, wasu har yanzu suna zaune a ƙauyukan nan na Sinnar. Kalmar da aka yi ta jifanmu da ita a lokacin ita ce baƙi. Ba na cewa tulun iri zai tsaya wa mutum a gaban alƙali. Amma dawa ba ta sabawa da gona cikin shekara goma ko ashirin, kuma wanda ya ga yadda dawar Inna ta san wannan ƙasa ya san masu ita ba jiya suka sauka ba.

To, sai dai ba a cin tarihi. A nan ne rigimar jika da kaka take. Shi yana so a juya gonar duka zuwa ingantaccen iri, kuma hujjojinsa ba na banza ba ne. Hukumar Binciken Aikin Gona da ke Wad Madani ta fitar da wad ahmad a 1992, ta fitar da ɗabat a 1996, ga kuma arfa' gadamak mai saurin nuna. Tun kafin su akwai hajin dura 1, wadda Gebisa Ejeta, mutumin Habasha, ya haɗa a nan Sudan aka fitar da ita a 1983, aikin da yana cikin abin da ya sa aka ba shi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2009. Yaron ya ce wad ahmad ita ma ai jinin fatarita ce, tana da jar fatar, tana yin tsiro, ba ta da tsawon da iska za ta kayar, kuma a shekara mai kyau buhunanta sun fi na tsohuwa yawa nesa ba kusa ba. Ya ce, "Ustazu, gidan nan bakin ci ya ƙaru, gona ba ta ƙaru ba." Inna ta ce, "Maigidana, shekara mai kyau guda nawa ka gani tun da aka haife ka?" Ta ƙara da cewa hajin kuwa ko a kyauta ba ta so, tunda irin da ba ya haihuwar kamarsa, sai an koma kanti kowace shekara, ba iri ba ne, haya ce.

An dama mini duka biyun na sha. Na wad ahmad ba shi da laifi ko kaɗan, wanda ya kai shi bakinsa bayan Magariba zai yi hamdala. Na dawar Inna ya fi duhu, ɗacinsa kuma yana daɗewa a bayan harshe. Matsalar ita ce a kasuwa ɗarga ɗarga ce, kuɗinsu ɗaya, mai saye ba ya tambayar wace dawa ce. A ƙasashen masu inabi, irin su Faransa da Italiya, iyalai da yawa sun rayu a kan wannan tambaya kaɗai. Abin da suke matsewa ba namu ba ne, haramun ne a gare mu, amma dabararsu abin dubawa ce: suna rubuta sunan irin da sunan ƙauyen a jikin kaya, kuma tun 1935 Faransa ke da dokar da ta hana wani ya ari sunan wurin da ba nasa ba, tsarin da daga baya ya game har da cuku. Da haka mai ƙaramar gona da tsohon iri yake sayarwa da tsada fiye da mai babbar gona. Mu kuwa muna zuba namu a buhun sukari da aka wanke, ba suna ba alama.

Kuma kada a ɗauka fatarita ƙaramar aba ce a duniya. Tsakanin 1906 da 1909 Amurkawa suka kwashi fatarita da hijairi da ciyawar da har yau suke kira da sunan Sudan, suka kai gonakinsu masu ƙarancin ruwa, jininsu kuma ya shiga cikin dawar da suke nomawa. A 2017 masu tonon tarihi suka bayyana cewa sun sami sawun ƙwayar dawa ta gida a jikin fasassun tukwane a yankin Kasala, masu shekara wajen 5,000, abin da ya sa gabashin Sudan cikin wuraren da ɗan Adam ya fara mayar da dawar daji ta zama ta gona.

Yaƙin da ya ɓarke cikin Afrilun 2023 shi ya canza nauyin gardamar tasu. A Wad Madani ne ƙasa take da ma'ajiyar irinta, inda aka tara samfuri wajen 17,000 na dawa da gero da riɗi da sauransu cikin na'urorin sanyi. Da Da'amus Sari' suka shiga birnin a Disambar 2023, aka fasa wurin, aka kwashe na'urorin, iri ya watse. Wani kaso ne kawai aka riga aka kai ajiya can Sibalbad ta ƙasar Norwe, cikin dutsen ƙanƙara da aka buɗe a 2008, kuma a Fabrairun 2025 ma'aikatan suka samu suka aika da ƙari daga abin da ya tsira. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwambar 2024, suka karɓe Madani a Janairun 2025, amma daminar 2024 ta riga ta wuce mutane da yawa a yankin nan, ba kasuwa, ba kantin iri, ba hanya.

Gidan Inna ma sun gudu a wannan shekara. Da suka dawo suka tarar an tone maɗmura an kwashe, an fasa tulun irin, kaji da ɓeraye sun gama da abin da ya zube. Abin da ya cece su al'ada ce da ba wanda ya taɓa ɗaukarta da muhimmanci: duk 'yar gidan da za a kai ɗaki, Inna kan sa mata mudu guda na irin a cikin gara. Wata jikarta da ke aure a wajen Gadarif ta yi ta shuka nata a bayan gida. Daga wurinta aka karɓo ƙwarya biyu aka shuka a daminar 2025, kuma duk hilu-mur ɗin da na gani a kan saji daga nan ya fito. Shi kansa ɗalibin nawa, da ya zo wannan wuri a labarin, bai yi wasa ba.

Ba a ce an shirya ba. Abin da maigidan ya yanke, bayan ya saurari uwarsa da ɗansa, shi ne a raba gonar. Ɓangaren da ya fi girma a sa wad ahmad don ci da sayarwa, ɓangaren da ke kusa da tarasi inda ruwa ke kwanciya a bar wa dawar Inna, a kuma sa tazara da kunyoyin riɗi a tsakani don kada su haɗu, tunda dawa takan ɗauki garin furen maƙwabciyarta in iska ta kaɗa. Inna ta ce tazarar ba ta isa ba. Jikan ya ce zai auna ta da igiya a gabanta. Ya kuma karɓi aikin da a da yake yi wa dariya: ya ƙirga ƙwaya 100 ya jera a kan jiƙaƙƙen buhu don ya ga nawa za su tsiro, ya sayi littafi yana rubuta ranar shuka da ranar fitar kai, ya kuma ce zai kai mudu ɗaya ga ma'aikatan ma'ajiyar iri, a rubuta sunan ƙauyensu a jiki. Batun buga suna a leda kuwa suna jiran su ga kuɗin azumin bana tukuna.

Ranar da zan taso na bi ta gaɓar kogi, inda masu jarfi ke ban ruwan albasa da tumatir a ƙasar da ruwa ya janye ya bari. A tashar mota na tarar da buhu huɗu na gidan an ɗaure a saman bas, biyu za su sauka Sinnar, biyu kuma Madani, wurin wata mata da ta sake buɗe rumfarta a babbar kasuwa.